A Fara Renon Ruwa Kafin a Kawo Kifi

Ƙanena, maganar tawa da kai ce, kai da ka samu akwatin gilashi na kiwon kifin ado, na hannu, ko ka tsinto shi da araha wajen 'yan gwanjo a Kano ka rungumo shi a cinya ta Gezawa da Ringim har Taura, ko wani ɗan'uwa da aka yi wa canjin wurin aiki daga Dutse ya bar maka. Na san abin da ke ranka. Kifin nan ne mai baza jela, ja wur ko shuɗi, da kake gani a TikTok, wanda ake kira beta. So kake ka wanke gilashi yau, ka cika ruwa, gobe ka sako shi, abokai su zo kallo jibi. Ni kuma abin da zan roƙe ka ya fi sayen akwatin wuya: ka cika shi da ruwa, ka kunna matatarsa, ka bar shi haka nan sati huɗu zuwa shida ba kifi a ciki, kana ciyar da shi kullum.

Za a yi maka dariya a gida, kuma masu dariyar suna da hujja. Mutumin da ya tashi a gefen fadamun kogin Haɗeja ya san tarwaɗa tana kwana a cikin taɓo, ana kai ta kasuwar Gujungu a daro da ɗan ruwan da bai rufe bayanta ba, ta wuni tana motsi. Ya san gaiwa tana shige wa ƙasa idan kududdufi ya ƙafe, ta yi rani guda a cikin busasshiyar laka har ruwan sama ya dawo. Wanda ya san wannan, ta ina za ka gamsar da shi cewa ɗan kifin da bai kai tsawon yatsa ba sai an yi masa wata guda ana gyaran masauki? Kuma beta ma ɗan wannan sahun ne. Yana da wata gaɓa a cikin kansa, sama da kunnuwansa, da ke ba shi damar ɗago baki ya shaƙi iskar sarari, shi ya sa masu sayar da shi suke jera shi a ƙananan kofuna bai mutu ba. Sai dai shaƙar iska matsalar ƙarancin oksijin kaɗai take warwarewa. Gubar da kifi ke saki a ruwan da yake ciki tana nan, kuma ita ce ke kashe yawancin kifayen da ake sakawa a sabon akwati. Ita gaiwa Allah Ya hore mata wata dabara: idan ta shige laka sai jikinta ya riƙa mayar da gubar zuwa yuriya, ya tara, har ruwa ya zo ta fitar. Beta bai samu wannan baiwa ba.

Asalinsa Tailan ne, ƙasar da da ake kira Siyam, a gonakin shinkafa da fadamu da magudanan da ruwansu ba ya gudu sosai. Ruwan ba shi da zurfi, amma yana da faɗi, cike da ciyayi, kuma ɗumi ne duk shekara. Mutanen can sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kiwonsa don a haɗa maza faɗa, daga baya aka koma zaɓen launi da tsawon fikafikai. Wani masanin kifi na gidan tarihin halittu da ke Landan, Charles Tate Regan, shi ya raɗa masa sunan da masana ke kiransa da shi, Betta splendens, a 1910, kuma a watan Fabrairun 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Abin lura a nan shi ne, a fadamar da ya fito, ɗan abin da yake fitarwa narkewa yake a dubban litocin ruwa, ciyayi da laka su shanye. A akwatinka lita 20 ce ko 30, ba mashiga ba mafita.

Sunan gubar amoniya. Ita ce warin nan da ke hawa hanci a ɗakin kaji ko makewayin da ba a wanke ba. Kifi yana fitar da mafi yawanta ta kunnuwansa, ragowar abinci da kashinsa kuma idan sun ruɓe su ƙara. Ba ta da launi. Ruwa zai kasance garau, ka hangi tsakuwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, alhali kunnuwan kifin suna ƙonewa. Za ka ga ya matse fikafikai, ya daina cin abinci, ya lafe a kusurwa, bayan sati ɗaya ko biyu ya mutu, a ce ai kifin Turawa ba ya jure ƙasarmu, ko a ce kambun baka ne. Kuma yanayinmu yana ƙara mata kaifi. Amoniya a ruwa kashi biyu take rabuwa, mai illa sosai da mai sauƙi, kuma zafi da kanwar ruwa su ke yanke yawan kowanne. A ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH, idan ruwa yana kan 7 da zafin digiri 25, mai illar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8 sai ta haura kashi 5, idan zafin kuma ya kai digiri 30 ta wuce kashi 7. Wato adadin da kifi zai sha da ƙyar a watan Janairu zai iya kashe shi a Afrilu.

Masu kawar da ita wasu bakteriya ne da ido ba ya gani, kuma ƙungiya biyu ce. Ta farko tana cin amoniya ta mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, don yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Ta biyu tana cin naitirait ta mayar da shi naitiret, wanda kifi ke jurewa idan bai taru da yawa ba, tsirrai kuma abincinsu ne. Duk wanda ya taɓa watsa yuriya a gonar shinkafa ko alkama a fadamar Taura ya riga ya yi aiki da dangin waɗannan halittu bai sani ba, don su ne ke juya takin a cikin ƙasa. A 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka riƙa tsiyaya ruwan ƙazanta ta cikin dogon bututu cike da yashi da alli. Kwana 20 amoniya tana fita yadda ta shiga, sannan naitiret ya fara bayyana. Da suka sa wa bututun tururin kulorofom aikin ya tsaya cak, suka gane abu mai rai ne ke yinsa. A 1890 Sergei Winogradsky, yana aiki a Zurik, ya ware bakteriyar. Sai a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a akwatin kifin ruwan daɗi, nau'in da ake kira Nitrospira ne ke yin mafi yawan aikin mataki na biyu, saɓanin wanda littattafai suka daɗe suna ambata. Kwana 20 ɗin nan na Faransawa shi ne irin jiran da nake roƙon ka yi. Waɗannan bakteriya masu nawar haihuwa ne. Wasu ƙwayoyin cuta suna ninka kansu cikin minti 20, su kuwa sai su kusa kwana guda kafin ɗaya ta zama biyu. Kuma ba a cikin ruwan suke yawo ba, manne suke a jikin soson matata da tsakuwa da gilashi.

A nan ne mai akwati na hannu ke ruɗuwa. Mai sayarwa zai ce maka shekara biyu kifi na ciki lafiya, don haka a shirye yake. Tambaya ɗaya za ka yi masa: yaushe aka zubar da ruwan? Idan soson matatar ya bushe ƙamas, ya yi wata a sito yana shan ƙura, to rundunar ta mutu, akwatin ya koma sabo ta wannan fuska. Idan kuwa yau aka kwashe kifin, soson yana jiƙe, ka sa shi a leda da ɗan ruwan akwatin ka hanzarta gida, ka samu gado mai daraja. Amma ka ƙara tambaya ta biyu, ka kuma dubi idonsa: kifin da ke ciki sayar da shi aka yi ko mutuwa ya yi? Idan mutuwa ce, ka yar da soson da tsakuwar, don cututtuka irin na fararen ɗigo a jiki suna biyo kayan jiƙe. Gara ka fara daga farko.

Kafin komai ka gwada gilashin. Ka kai shi tsakar gida a inuwa, a wuri mai daidaito, ka shimfiɗa takarda a ƙarƙashi, ka cika shi, ka bar shi kwana biyu. Ka bi kusurwoyi da yatsa ka ji ko roban silikon da ya haɗa gilasan ya ɗaye ko ya bushe ya tsattsage. Kowace lita kilo guda ce, akwati mai lita 30 da tsakuwarsa ya doshi kilo 40, saboda haka teburin da ke rawa ba wurinsa ba ne, kuma ba a ɗaga shi da ruwa a ciki. Girmansa kuwa ka auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Idan bai kai lita 20 ba, wato jarka guda, ni ban ba ka shawarar ka fara ba, don ƙaramin ruwa da wuri yake lalacewa, da wuri yake zafi, da wuri yake sanyi. Wajen wanki kada sabulu ko Omo su kusance shi. Farin dattin da ruwa ya bari a jikin gilashi lemun tsami yana cire shi. Idan kana zargin cuta, ka sirka Hypo kashi 1 da ruwa kashi 19, ka jiƙa minti 15, ka ɗauraye har warin ya ɓace, ka shanya ya bushe sarai. Duwatsun ado kuma ka ɗiga musu ruwan lemun tsami, duk wanda ya yi kumfa ka ajiye shi gefe, zai ƙara wa ruwa kanwa. Haka ma bawon katantanwa da wuri.

Ruwan bohal ko rijiya galibi ba shi da kulorin, amma ka bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti ya sha iska. Na famfon gwamnati idan an sa masa kulorin zai kashe bakteriyar da kake reno, sai ya kwana a buɗe ko ka ɗiga masa maganin cire kulorin. Rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki tana iya zuwa da nata amoniya da naitiret tun daga tushe, saboda haka idan ka samu kayan gwaji ka fara da ruwan da kake ɗebowa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, ko sau nawa aka wanke ta, ba ta shiga wannan aiki.

To, an cika akwati, an kunna matata. Yanzu sai ciyarwa, don bakteriya ba za ta zauna inda babu abinci ba, akwatin da aka bari da ruwa zalla ko ya shekara bai nuna ba. Kullum ka marmasa ɗan abincin kifi, gwargwadon abin da beta ɗaya zai ci, ka zuba ya ruɓe a ciki. Ƙwayoyi uku ko huɗu na abincin 'ya'yan tarwaɗa sun isa. Cikin satin farko ruwan zai iya yin fari fat. Kada ka zubar, wasu bakteriya ne daban suka yi yawa, za su lafa da kansu. Mai kayan gwaji, irin 'yan kwalaben da ake ɗigawa a ruwa launi ya sauya, zai ga amoniya ta hau, ya yi ƙoƙari ta tsaya wajen miligiram 1 zuwa 2 a lita. Wajen sati na biyu sai ta fara sauka, naitirait ya hau. Nan ne haƙuri ke ƙarewa, don naitirait yakan kafe sati biyu ko uku ba ya motsi, mutum ya ɗauka aikin ya lalace. Wata rana sai ka gwada ka tarar ya faɗi. Alamar an gama ita ce ka ci gaba da ciyarwa amma amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret kuma ya bayyana. Kuɗin kayan gwajin zai iya fin na kifin, ni kuma ina ganin sun fi cancantar kuɗinka a kan fitila mai launi da furen roba. Wanda bai samu ba ya cika sati shida cif, kada ya yarda da idonsa.

Akwai hanyar rage jira, kuma kowace mai tallar nono ta san ta: ba a barin madara ta yi tsami da kanta, ragowar kindirmon jiya ake ɗiga mata. Idan kana da aboki mai akwatin da ya daɗe kifinsa na lafiya, ka roƙi yankin sosonsa ko dintsin tsakuwarsa, ka kawo a jiƙe ka sa a matatarka. Sati shida zai iya komawa biyu. Tsohon ruwansa kaɗai ba zai yi maka wani amfani ba. Laka daga kududdufi kuma ka bar ta inda take, tana zuwa da matsattsaku da 'ya'yan mazari masu cin ƙananan kifi. Abin da ya dace ka ɗauko daga fadama shi ne kainuwa. Ka zaɓi ƙanana, ka wanke saiwoyin, ka ajiye su sati biyu a wani bokiti kana dubawa, sannan ka sa biyu ko uku. Suna shan amoniya da naitiret kai tsaye, suna yi wa kifi inuwa, namijin beta kuma yana son tara kumfar sheƙarsa a ƙarƙashin ganye mai yawo. Ka dai riƙa ragewa, kada su rufe saman ruwan su hana shi wurin shan iska.

Littattafan Turawa ba za su gaya maka abin da za ka yi da wutar KEDCO ba. Bakteriyar nan tana buƙatar ruwa mai oksijin ya riƙa ratsa ta. Matatar da ke rufe a cikin gwangwani a wajen akwati, idan aka ɗauke wuta aka kwana aka wuni, abin da ke ciki shaƙewa yake, har ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma da wuta ta dawo sai ta tunkuɗo wannan ruwan cikin akwati. Saboda haka a garinmu matatar soso ce ta dace, wadda ke nutse a cikin ruwan, ƙaramin famfon iska na hura ta. Akwai famfunan da ke aiki da USB, fawa bankin wayarka ko ƙaramar sola za su riƙe su dare guda. Shi ma beta ita ya fi so, don dogayen fikafikansa ba sa jure ruwa mai ƙarfin gudu. Sai zafi da sanyi. Tsakanin digiri 24 da 28 yake walwala. A bazara ɗakin kwano zai iya sa zafin ruwan ya haura digiri 32, don haka a nisanta shi da taga, a bar fanka tana kaɗa saman ruwan. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Janairu, ruwan yakan yi sanyin da kifin zai lafe ya kamu da cuta, bakteriyar ma ta rage aiki, jiranka ya ƙaru. Ƙaramar hita mai wat 25 zuwa 50 ta isa idan akwai wuta. Idan babu, a lulluɓe akwatin da bargo da dare, kuma ɗakin soro na ƙasa ya fi na kwano riƙe yanayi ɗaya.

Kada ka manta ruwan da ya zauna sati shida a ɗaki ba kifi, sauro ya samu wurin haihuwa. Ka rufe shi da murfi ko yankin gidan sauro, amma wanda ba a sa wa magani ba, don maganin da ke jikin na asibiti guba ne ga kifi. Murfin zai yi amfani daga baya ma, beta yana tsalle. Haka nan fiya-fiya da maganin sauro na fesawa ko na hayaƙi: kafin a yi amfani da su a ɗakin a kashe famfon iska, a rufe akwatin ruf, sai ɗakin ya sha iska a buɗe.

Ranar da za ka kawo kifin, ka fara sauya rabin ruwan ko fiye don naitiret ya sauka ƙasa da miligiram 20 a lita. Ka sa ledar da ya zo a ciki ta yi yawo a saman ruwan minti 20 zafinsu ya daidaita, ka riƙa ƙara mata ruwan akwatin kaɗan kaɗan, sannan ka sake shi, ruwan ledar kuma ka zubar waje. Namiji ɗaya tak. Biyu za su yayyaga juna, kuma za a samu abokin da zai ce a haɗa a ga wanda zai ci, har a sa kuɗi. Malamanmu sun hana haɗa dabbobi faɗa, caca kuwa ba sai na faɗa maka hukuncinta ba. Ka kuma tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Kifin da ka sa a gilashi ya fi kyanwar nan rashin mafita, ruwan da yake shaƙa ma a hannunka yake, kuma zai iya kai shekara biyu zuwa huɗu a wuyanka.

Ku kuma masu shirin kiwon tarwaɗa a tamfol ko tsohon tankin roba, kada ku ce ba da ku ake ba. Tarwaɗa ta fi beta juriya nesa ba kusa ba, amma 'ya'yanta ba su kai ta ba, kuma ɗaruruwa kuke zubawa kuna ciyar da su abinci mai yawan furotin. Mafi yawan tankunanmu ba su da matatar bakteriya, sauyin ruwa ne kaɗai ke fitar da amoniya, saboda haka mai tanki ya fara lissafin ruwan da zai iya samu kowace rana kafin ya lissafa yawan kifin da zai saya. Sabon kwamin siminti kuma yana sakin kanwa mai ƙarfi, sai an jiƙa shi an zubar sau da yawa. Ruwan da kuke zubarwa ku juya shi gindin zogale da alayyafo, taki ne.

Idan kuwa nasihar ta iso maka a makare, kifin yana cikin kofi a kan tebur, kada ka bar shi a kofin sati shida, can ya fi muni. Ka sa shi a akwatin, ka rage masa abinci zuwa ƙwaya biyu ko uku a rana, ka sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum ko bayan kwana biyu da ruwan da ya kwana, mai zafi daidai da na ciki, ka nemo jiƙaƙƙen soso wajen aboki, ka ƙara kainuwa. Za a ɗauki sati shidan dai, ko fiye, wahalar ɗiban ruwa kuma ta ninku. Bayan ya nuna, sauyin rubu'in ruwa sau ɗaya a sati ya wadatar. Soson matata idan ya toshe, a ruwan da ka kwaso daga akwatin za ka matse shi sau biyu ko uku ka mayar, launin ƙasan da ke jikinsa kada ka ce sai ya fita.